Yadda Shitu Disket Ya Kashe Rabo Direba

Ni Talatu, shekara goma sha ɗaya ina suyar ƙosai a bakin titin Zongo, na ga masu cika baki iri-iri sun zo sun wuce, amma ban taɓa ganin wanda ya kashe mutum da hoto ba sai Shitu. Kuma har gobe in ka tambaye shi, cewa zai yi laifin na'ura ne.

Shitun nan mako uku kacal ya yi a Lome, yana gadin shagon wani mai sayar da tsofaffin ordinatar, wato kwamfuta. Gadi fa, da sanda da tocila. Amma da ya dawo Wagadugu sai ga shi da disket, ɗan faifan nan na ajiye aikin kwamfuta, rataye a wuya da igiyar takalmi, ya ce daga yau kada kowa ya sake ce masa Shitu kawai, a ce Injiniya. Ba wanda ya ce. Shitu Disket aka sa masa, sunan kuwa ya bi shi.

Kaskona yana daidai ƙofar siber ɗin Madam Rasmata, inda mutane ke zama gaban ordinatar su aika saƙo ƙasashen waje. Rasmata ta yi karatun abin nan sosai, ba ta kuma da surutu. Shitu kuwa kullum yana tsaye bayan kujerun mutane yana ba su shawarar da ba su nema ba.

A shekarar da aka rushe rabin unguwar Koulouba ne Malam Boukari mai gyaran mobilet, ƙananan baburan nan, ya rasu. Mutum ne da ba ya son kyamara. Duk rayuwarsa sau ɗaya ya yarda aka ɗauke shi hoto, a wani studiyo na Koulouba, studiyon kuma yanzu fili ne, ko bulo ɗaya babu. Hoton nan ɗaya tak yana wurin matarsa, Inna Iyatu, naɗe cikin kallabi a ƙasan adaka. A nan garin, in za a yi sadakar arba'in, akan buga ɗan kati: hoton mamaci a sama, addu'a da suna da rana da wurin taro a ƙasa. A raba wa jama'a, kowa ya je ya maƙala a bangon ɗakinsa. Inna Iyatu ba ta nemi komai ba sai wannan. Rusau ya watsa abokan mijinta, wasu Cissin, wasu bayan gari, ta ce tana so fuskarsa ta shiga gidajensu, su kuma zo su cika mata tsakar gida ranar Lahadi, kada shekara ta zagayo a riƙa cewa wane Boukari.

Tana cikin takaba, ba ta fita, don haka ni ta aika wurin Rasmata ranar Litinin. Kuskurena ɗaya, na faɗi saƙon da ƙarfi.

Kafin in rufe baki Shitu ya riga ni zauren Inna Iyatu. Na same shi a durƙushe yana dukan ƙirji.

"Inna, Malam Boukari uba ne a wurina. Ina raye, wani ya taɓa hotonsa? Haba! Kati zan yi masa wanda ko a Lome sai ministoci."

Daga bayan labule ta ce, "Ka iya kuwa, Shitu?"

"Inna, a Lome ni ake tayarwa daga barci kafin a kunna kowace ordinatar."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Shi ke da mabuɗin ƙofa.

Inna Iyatu mace ce mai kawaici, ba ta iya korar mutum daga zaure. Ta yarda, amma da sharaɗi: ni zan riƙe hoton, ni zan dawo da shi kafin la'asar. Ta ce, "Talatu, hoton nan ba ya kwana a waje."

Rasmata ce ta kwantar da hoton a sikana, na'urar da ke kwafe hoto, ya fito a allo tsaf. Ga Malam Boukari da farar hula, da furfurar gemunsa, da wannan kallon nasa na mutumin da ke jira a gama ya koma bakin aiki. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na naɗe hoton na mayar wa mai shi.

Sai batun rubutu. Ƙanen marigayi, malamin makaranta a Yamai, ya tsara addu'ar da Larabci, suna da adireshi da Faransanci, ya aiko ta intanet. A allo tana fitowa da kyau, amma da zarar an kwafe ta zuwa wani wuri sai haruffan Larabcin su koma 'yan akwatuna. Rasmata ta ce ba matsala, a ɗauki hoton allon kawai yadda yake. Ta danna maɓalli ɗaya, ta ɗauka, ta tashi ta ba Shitu kujera don yana ta hura mata iska a wuya.

Ta ce, "Bon, Shitu, saurara, abu biyu ne kawai. Hoton mutum ka ajiye shi a JPEG. Fuska launi ne da ke shiga cikin launi a hankali, JPEG yana rage mata nauyi ba tare da ido ya gane ba. Rubutun da aka ɗauko daga allo kuwa, PNG. Harafi gefensa kaifi gare shi, JPEG cinye gefen yake yi, duk lokacin da ka sake ajiyewa sai ya ƙara ci. PNG ba ya taɓa ko ɗigo ɗaya. Ka gane?"

Shitu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya juyo wurina ta taga.

"Talatu, kin ji karatun littafi? JPEG fa shi ne na kyamara, na manya, shi ya dace da addu'a. In ɗauki addu'a guda in zuba a wani PNG da ko a Lome ban taɓa jin an ambace shi ba? Sannan Malam Boukari, dattijo mai iyali, ki ce a rage masa nauyi? Yana raye ba a rage shi ba sai da ya mutu? A BMP zan sa shi, cikakke, ko gashi ɗaya ba a cire ba."

Rasmata ta ce, "BMP ba zai shiga disket ba."

"Disket ɗin wa?"

"Na kowa."

"Ba ki san nawa ba."

Ta ɗaga kafaɗa ta koma teburinta. Dole sai da disket ɗin, don mai buga katin yana can Cissin, ba shi da intanet.

Shitu ya ciro disket daga wuya, ya hura masa iska, ya tura, ya danna. Ordinatar ta yi ɗan gurnani ta ce babu wuri. Ya sake. Ta ce babu wuri. Ya ciro shi ya girgiza a kusa da kunne, ya bubbuga gindinsa a kan tebur yadda ake yi wa mudun gero don ya zauna. Ya mayar. Babu wuri.

"Zafi ne," in ji shi. "Ƙarfe yana kumbura da zafi."

Ya fito ya sa disket ɗin a kan ƙanƙarar mai sayar da zomkom, ruwan geron nan mai sanyi, ya tsaya yana yi masa fifita da hula. Masu jiran ƙosai suka fara taruwa. Ya koma ya gwada, ya fito fuska a murtuke, ya tsallaka titi wurin Na'Allah mahauci ya ce a ɗora masa disket a sikeli.

Na'Allah ya dube shi. "In yanka maka shi ne ko yaya?"

"Auna dai. So nake in ga nawa ya riga ya shiga."

Allurar sikeli ko motsi ba ta yi ba. Na'Allah ya ce, "Injiniya, Malam Boukari bai shiga ba tukuna. Ko da yake dama ba shi da jiki, Allah ya jiƙansa."

Ranar Talata da safe ya dawo da sabuwar dabara. Ya gano wurin da ake rage yawan launin hoto. Ya rage zuwa ɗari biyu da hamsin da shida, disket ya ƙi. Ya rage zuwa goma sha shida. Ordinatar ta fito da gargaɗi cewa hoton zai lalace, ta tambaye shi ko ya tabbata.

Rasmata ta ce daga teburinta, "Shitu, karanta abin da ta ce."

"Girmamawa ce. Ta san wanda ke gabanta, shi ya sa take neman izini."

Ya danna eh. Hoton ya shiga disket. Ya miƙe ya ɗaga hannu biyu sama, ya ce a buɗe masa taga jama'a su shaida.

Na leƙa. Innalillahi! Farar hular ta koma ja. Furfurar gemu ta koma ja wur, sai ka ce an kwana ana shafa mata lalle. Inuwar da ke kumatun hagu ta dunƙule ta zama baƙin tabo, dogo, daga ido har haɓa. Goshin kuwa rabi kore rabi toka.

Na ce, "Shitu, wannan wane ne?"

"Malam Boukari mana. Haske na ƙara masa. Mutumin kirki ai da haske yake tashi."

"Kore ne fa goshinsa!"

"Ke me kika sani ban da wake?"

Na juya da sauri. Mai na ƙonewa a kasko.

Saura rubutun. Ya ajiye shi a JPEG kamar yadda ya rantse. Ɗan wurin da ya rage a disket bai isa ba, sai ya ƙanƙance shi ya ajiye. Ya ga ya yi ƙanƙanta, ya ja shi ya faɗaɗa ya ajiye. Ya ga ya karkace, ya gyara ya ajiye. Ya sa masa fure a kusurwa ya ajiye, ya cire furen ya ajiye. Rasmata tana lissafawa a hankali, ta ce sau goma sha bakwai. Kowane harafi ya yi gashi, wasu ɗige-ɗige suka kewaye shi kamar tururuwa sun sami sukari. Ɗigon Larabci ya gauraye da dattin. Sunan marigayi ya zama wani dogon tabo, adireshi ya zama gajeren tabo. Kalma ɗaya ce ta tsira, Lahadi, don ita aka rubuta da manyan baƙaƙe. Sai kuma layin da ya ƙara daga ƙarshe, ɓaro-ɓaro a ƙasan kati: aikin Injiniya Shitu.

Rasmata ta taso. "Pardon, Shitu, don Allah bar ni in sake. Minti biyar. Ba don kai ba, don tsohuwar nan."

Ya rufe disket da tafin hannu. "Kin ga ya yi kyau kina so a ce ke ce."

Ya hau mobilet sai Cissin. An ce mai buga katin ya daɗe yana kallon allo, sannan ya tambaye shi ko marigayin gobara ce ta ci shi. Shitu ya ce sabon yayi ne daga Lome, a buga ɗari uku.

Bai kai wa Inna Iyatu ko ɗaya ba. Ya ce sai ranar taro, don ta yi mamaki. Ranar Alhamis ya zagaye gari yana rabo: Cissin, Tiendpalogo, ƙofar masallatai, har tashar manyan motocin Yamai, don a can ma Boukari yana da abokai.

A tashar nan ne abin ya fashe. Wani direba ya karɓi kati, ya duba, ya sake dubawa, ya ɗora hannu a ka.

"Jama'a, Rabo ya rasu!"

To, Rabo direba mutumin Ƙonni ne, yana zaune layi biyu daga gidan Inna Iyatu da matarsa Habi. Jar dara yake sawa, gemunsa kullum cikin lalle, kuma yana da tabo a kumatun hagu tun da bel ɗin injin ya tsinke ya zabga masa. Ya tafi Yamai da kaya, ya kamata ya dawo tun Talata, bai dawo ba. Wani ya ce ai ya ji wata mota ta kife bayan garin Fada. Wani ya ce shi ma ya ji. Kafin azahar an samu wanda ya ga tayoyin a sama.

Ranar Juma'a bayan masallaci direbobi suka shigo Zongo a jere, fuskoki a sunkuye, suka yi sallama a ƙofar Habi. Tana tankaɗe. Aka miƙa mata kati. Ta duba, ta saki rariya, ta kurma ihun da har kaskona sai da na ji shi.

Na bar ƙosai a wuta na ruga. Na ce, "Habi, tsaya! Wallahi ba Rabo ba ne, Malam Boukari ne! A gabana aka yi katin nan!"

Ta nuna mini hoton tana kuka. "Talatu, yaushe Malam Boukari ya yi jan gemu? Ni zan kasa gane mijina? Ga tabonsa nan!"

"To karanta sunan!"

Aka miƙa wa mai boko, ya kasa. Aka miƙa wa mai allo, ya juya katin sama ya juya ƙasa, ya ce shi dai bai taɓa ganin wannan hannun ba. Ban da Lahadi, abin da kowa ya iya karantawa shi ne sunan wanda ya yi aikin. Aka ce a nemo Injiniya.

Na ce alhamdu lillahi, yanzu zai ce kuskure ne a watse. Ashe ban san Shitu ba. Ya iso ya ga taron mutane, ya ga Rasmata ta rufe siber ta zo tana ƙoƙarin yi wa dattawa bayanin launi goma sha shida. Ya gane in ya ce kuskure ne, a gaban mace zai faɗa. Sai ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, ku saurara. Gaskiya ne Malam Boukari na sa a ciki."

Na ce, "Kun ji ko!"

"Amma Rabo ne ya fito." Ya ɗaga yatsa. "To ina tambayarku, wa ya gaya wa ordinatar labarin Rabo? Ni na gaya mata? Ta taɓa ganinsa? Na'urar nan a haɗe take da duniya baki ɗaya. Abin da ya faru a Fada da safe, ita ta sani kafin rediyo. Na sa mata tsohuwar rasuwa, ta ba ni sabuwa. Ordinatar ba ta ƙarya."

Wani tsoho ya ce, "Allahu akbar. Zamani!"

Rasmata ta ce, "Se pa posibl! Ba zai yiwu ba! Launi ya rage, launi kawai! Ku zo in nuna muku!"

Shitu ya girgiza kai cikin tausayi. "Ana makoki tana maganar fenti."

Kai, ranar nan na ji kamar in juye masa man kaskona. Mutum ya gwammace a ce maƙwabcinsa ya mutu da a ce bai iya ajiye hoto ba! Habi ta sake faɗuwa, mata suka kwashe ta zuwa ɗaki. Aka cire mata 'yan kunne. Direbobi suka ce tunda kati ya ce Lahadi, to Lahadi za a yi addu'a, gawa kuma ana nan ana bincike. Ranar Asabar suka kafa rumfa, suka kama ragon da Rabo ya yi wata bakwai yana kiwo don layya, suka kai wa Na'Allah.

Na'Allah ya ce, "Kun tabbata?"

Suka nuna masa kati. Ya ce, "Allah sarki Rabo," ya wasa wuƙa.

Ban iya gaya wa Inna Iyatu ba. Sau biyu ina zuwa zaurenta ina juyawa. Ranar Lahadi tun da sassafe ta sa aka share tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa, aka dafa shinkafa tukunya uku, aka jera kofunan zomkom. Hantsi ya yi, ba kowa. Tsofaffi huɗu ne kawai suka zo, su ma suna ta leƙen hanya. Duk wanda ya shigo Zongo da kati a hannu, sai a nuna masa rumfar Rabo. Har liman can aka ja shi, aka ce sabuwar rasuwa ita ce gaba.

Ta kira ni daga bayan labule, murya ƙasa-ƙasa. "Talatu, ko katin bai kai gare su ba?"

Na ce, "Ya kai, Inna."

"To sun manta shi ke nan tun yanzu?"

Na fita da sauri don kada ta ji ina kuka, na nufi rumfar Rabo da niyyar in yi abin da za a daɗe ana faɗa.

Allah ya hutar da ni. Ina isa na ga wani mutum a gefen rumfa, kansa da rabin fuskarsa naɗe da rawanin tafiya, rigarsa duk baƙin mai. Ya ja tire gabansa yana zuba loma ta ƙarƙashin rawani. Motarsa ce ta lalace a Kantchari, kwana biyar yana jiran a kawo masa ƙarfe, ya sauka yanzun nan da yunwa, ya ga rumfa a layinsu ya ce bari ya fara da cikinsa.

Ya taɓa na kusa da shi. "Malam, naman nan ya yi. Wanda ya yi kiwon ragon nan ya san aikinsa."

"Marigayin ne da kansa."

"Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne?"

"To, ba a faɗin aibin mamaci. Amma akwai riƙo. Ko goro ya saya sai ya shiga bayan mota ya ci."

"Subhanallahi. Wane ne?"

Aka miƙa masa kati. Ya goge hannu a riga, ya kai katin kusa da ido, ya nisanta shi. Ya daina tauna.

"Allah sarki, ai na san shi. Wannan ai..." Ya shafa kumatunsa na hagu. Ya janye rawani. "Kai! Wannan ai ni ne!"

Ban taɓa ganin tsofaffi sun yi tsalle irin na ranar ba. Wanda ya yi maganar goro ya bi ta kan tire. Takalma suka rasa masu su. Ƙafar rumfa ɗaya ta tafi, tamfol ya rufto kan layin gaba, ana salati a ƙarƙashinsa. Habi ta fito da gudu, ta tsaya, ta dube shi sama da ƙasa, ta kama gemun ta ja da ƙarfi. Ya yi ƙara. Ta fashe da kuka tana dukansa a ƙirji tana cewa don me bai aiko ba.

Rabo ya ture ta a hankali, idonsa a kan ƙashin da ke hannunsa.

"Habi. Ina ragona?"

Duk idanu suka koma kan ƙasan kati, inda aka rubuta sunan mai aikin. Shitu yana can bayan randa yana ƙoƙarin tayar da mobilet, ta ƙi tashi. Direbobi biyu suka ɗauko shi ta hammata, ƙafafunsa na lilo.

"Ku tsaya, ku tsaya! Ordinatar ba ta ce yau ba! Wataƙila gaba take hangowa!"

Rabo ya ɗaga ƙashin. Liman ya fito daga ƙarƙashin tamfol ya shiga tsakani, rawaninsa a hannu. Ya ce, "To in ba Rabo ba ne, wa muka yi wa addu'a tun safe?"

Na ce, "Malam, tun Juma'a nake faɗa. Katin Malam Boukari ne. Yau arba'in ɗinsa. Matarsa tana can da tukunya uku, ba kowa a tabarmarta."

Dariyar da ta fara tashi ta mutu. Liman ya sunkuyar da kai ya ce a tashi. Aka ɗunguma gaba ɗaya, direbobi da mutanen Cissin da na Tiendpalogo, Rabo a tsakiya riƙe da wuyan rigar Shitu, Habi a bayansa riƙe da tasa rigar kada ya sake ɓacewa.

Inna Iyatu ta zo bakin zaure, ba ta tsallake dokin ƙofa ba. Liman ya yi mata bayani yana inda-inda. Ta miƙa hannu aka ba ta katin. Ta daɗe tana kallonsa, jar hula da koren goshi da tabon da mijinta bai taɓa yi ba.

Ta ce, "Guda nawa?"

Na ce, "Ɗari uku, Inna."

"Gida ɗari uku." Ta ninke katin. "Shekara talatin da huɗu ina kallon fuskar mutumin nan, Shitu. Ban san wannan ba."

Shitu ya buɗe baki, Rabo ya matse wuyan rigar, ya rufe.

Ta koma ciki. Muka ji ƙarar murfin adaka. Ta dawo da kallabin, ta warware shi, ta ciro ɗan hoton. Na ɗauka ni za ta ba. Sai ta miƙa wa Shitu.

"Tsaya nan bakin ƙofa. Riƙe shi a ƙirjinka, hannu biyu. Duk wanda zai shiga ya tsaya ya dube shi, kai kuma ka faɗi sunansa."

Haka aka yi. Mutum wajen ɗari uku suka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya ya sunkuya ya duba. Shitu yana tsaye cikin rana, gumi na bin wuyansa, yana maimaitawa: "Malam Boukari ne. Malam Boukari ne." Wani tsoho daga Cissin ya daɗe a gaban hoton, ya ce, "Shi ne, wallahi. Haka yake kallon mutum in ya kawo masa mobilet babu mai." Ya shige yana share ido. Rabo ma ya tsaya ya duba, ya ce Allah ya jiƙansa, sannan ya gaya wa Shitu a kunne cewa maganar rago tana nan. Tabarmi suka cika, har aka aro na maƙwabta.

Da layin ya kusa ƙarewa, Shitu ya ga hankali ya ɗan kwanta. Ya karkata kai wajen labule, ya rage murya.

"Inna, in kika bar mini shi zuwa gobe, akwai wata dabara da ban gwada ba."

Inna Iyatu ba ta ɗaga murya ba.

"Riƙe shi daidai, Shitu. Yatsanka ya rufe masa ido."